Yadda ake tantance alƙaluma kafin shiga muhawarar aikin yi, tallafi da rumbun abinci a Birtaniya

Wannan muhawara takan fara da magana biyu, kuma kowacce gaskiya ce. Mai kare gwamnati ya ce rashin aikin yi a Birtaniya ya sauka daga sama da kashi 8 cikin ɗari a 2011 zuwa ƙasa da kashi 4 a 2019. Mai suka ya ce a daidai wannan tsakanin ƙunshin abincin agaji da ƙungiyar Trussell ke rabawa ta rumbunan abinci, wato wuraren da ake ba mabuƙata abinci kyauta, ya tashi daga wajen 61,000 a 2010/11 zuwa miliyan 1.9 a 2019/20. Daga nan kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ƙarya yake shararawa, alhali mudu biyu ne ake awo da su. Kafin ka buɗe baki, ka yi wa kowane adadi tambaya uku: me aka ƙirga, da me aka raba, kuma daga wace shekara zuwa wace.

Fara da rashin aikin yi, domin nan aka fi tuntuɓe

Hukumar ƙididdiga ta ƙasar, ONS, tana bin ma'anar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Ba a kiran mutum mara aikin yi sai ya cika sharaɗi uku: ba shi da aiki, ya nemi aiki cikin mako huɗu da suka wuce, kuma a shirye yake ya fara cikin mako biyu. Wanda ya yi aikin awa ɗaya tak aka biya shi a makon da aka tambaye shi, ma'aikaci ne a lissafi. Wanda ya gaji ya daina nema, ko ciwo ya kwantar da shi, ko yake jinyar mahaifiyarsa, ba ya cikin masu aiki, ba ya cikin marasa aiki. An ware masa rukuni na uku.

Ka gwada da takarda da biro. A ce gari yana da mutum 1,000 da suka isa aiki: 700 suna aiki, 50 suna nema, 250 ba sa nema. Ba da 1,000 ake rabawa ba, da 750 ne, wato masu aiki da masu nema. Sakamako kashi 6.7. Yanzu a ce 20 daga cikin masu neman nan sun fid da rai sun zauna a gida. Saura 30 cikin 730, wato kashi 4.1. Alƙalumma sun yi kyau, ba a ɗauki ko mutum ɗaya aiki ba. Shi ya sa duk wanda ya kawo maka adadin marasa aiki, ka nemi ya haɗa da biyu: kason masu aiki cikin 'yan shekara 16 zuwa 64, da kason waɗanda ba sa nema. Wannan rukuni na ƙarshe ya kai wajen mutum miliyan 9 a 2023, kuma kusan miliyan 2.8 daga ciki doguwar rashin lafiya ce ta zaunar da su.

Mai karatu a Najeriya ya san wannan rikici. Hukumar ƙididdiga ta Najeriya, NBS, ta ba da kashi 33.3 na marasa aikin yi a ƙarshen 2020, sannan ta koma kan ma'anar awa ɗaya, sai ga kashi 4.1 a farkon 2023. Ba ayyuka ne suka sauko daga sama ba, ma'auni aka sauya.

Akwai tarko biyu kuma. Adadin masu karɓar tallafin neman aiki daban yake da adadin marasa aiki, kuma ya kumbura bayan shigowar tsarin tallafin gwamnati mai suna Universal Credit, saboda sabon tsarin ya jawo har wasu masu ƙaramin albashi cikin waɗanda ake buƙatar su nemi ƙarin aiki. Kada ka gwada shi da na shekarun baya kai tsaye. Na biyu, alƙaluman ONS daga tambayar gidaje ake samo su, kuma masu amsawa sun ragu har hukumar ta dakatar da fitar da wasu a Oktoban 2023. Idan an raba gidajen da aka tambaya zuwa yankuna sai yawansu ya ƙara ƙanƙancewa. Motsin rabin maki a yanki ɗaya cikin wata uku bai isa a kafa hujja da shi ba. Duba shekara da shekara.

Bunƙasar yanki

An kasa ƙasar yankuna 12 a ƙididdiga, tara daga ciki a Ingila. Abin da Landan ke samarwa a kan kowane mutum ya ninka na Arewa maso Gabashin Ingila fiye da sau biyu. Wannan ba abin musu ba ne. Abin lura shi ne ana ƙirga dukiyar a inda aka yi aikin, a raba da yawan masu kwana a wurin. Dubban ɗaruruwan da ke shiga Landan da jirgin ƙasa da safe su koma gidajensu a wajen birnin da yamma suna ƙara wa Landan lissafi, ba sa cikin waɗanda aka raba da su. In jin daɗin mazauna kake son nunawa, nemi adadin kuɗin da ke saura hannun iyali bayan haraji da tallafi, ka kuma cire kuɗin haya. Da an cire haya, Landan mai arziki takan faɗa cikin yankunan da talauci ya fi yawa.

Ka tabbatar kuma an cire hauhawar farashi. A Oktoban 2022 ta kai kashi 11.1, ta kayan abinci kuwa ta haura kashi 19 a Maris 2023. Albashin da ya ƙaru da kashi 6 a irin wannan shekara raguwa ya yi. Alƙaluman yankuna kuma sukan fito bayan fiye da shekara, don haka ba za su gaya maka halin da ake ciki a bana ba.

Tallafi: san yadda injin ke juyawa

Mai cewa tallafi na malalata ne da mai cewa gwamnati ta bar mutane da yunwa, sau da yawa duk ba su san ƙa'idojin ba. Universal Credit ya fito daga dokar 2012, aka fara shimfiɗa shi a 2013, ya haɗe tallafi shida wuri ɗaya. Ba na marasa aiki kaɗai ba ne: a 2022 wajen mutum huɗu cikin goma na masu karɓa suna da aiki. Idan mutum ya ƙara samun fam 100 bayan haraji, sama da ɗan abin da aka yafe wa masu yara ko masu naƙasa, ana zare fam 55 daga tallafinsa. Kafin ƙarshen 2021 fam 63 ake zarewa.

Inda ya fi shafar rumbun abinci shi ne jiran farko. Ana auna kuɗin shigar mutum na wata guda, a ƙara kwana bakwai, kafin biya na farko ya shigo: kusan mako biyar ke nan. Ana iya ba shi rance ya cike giɓin, amma bashi ne, za a riƙa cirewa daga tallafin har tsawon wata 24. Iyakar abin da ake cirewa na basussuka a da kashi 25 ne na ainihin kuɗin tallafin, aka rage zuwa 15 a Afrilun 2025. Ka riƙe waɗannan ranaku ma: an daskarar da yawancin tallafin masu shekarun aiki, wato ba a yi masa ƙari ba, daga 2016 zuwa 2020, an taƙaita tallafin yara ga biyu na farko a Afrilun 2017, an yi ƙarin fam 20 a mako lokacin korona aka janye shi a Oktoban 2021. Duk mai son danganta yunwa da tallafi, a kan irin waɗannan ranaku zai ɗora jadawalinsa.

Wani abu da kan ɓace a muhawara: baƙi da yawa, ciki har da 'yan Afirka masu bizar karatu ko ta aikin jinya, an rubuta musu cewa ba su da haƙƙin cin kuɗin gwamnati. Ba za su bayyana a alƙaluman tallafi ba, amma suna iya bayyana a layin abinci.

Rumbun abinci: ƙunshi ba mutum ba ne

Trussell ta raba ƙunshi sama da miliyan 3.1 a 2023/24. Kada ka ce mutum miliyan 3.1. Iyali mai mutum uku da ya zo sau biyu a shekara, ƙunshi shida ne a littafi. Kowane ƙunshi abincin aƙalla kwana uku ne, kuma galibi sai da takardar shaida daga likita, makaranta, ma'aikacin jin daɗin jama'a ko ofishin ba da shawara irin Citizens Advice. Wannan ya raunana hujjar da Lord Freud, ministan gyaran tsarin tallafi na lokacin, ya kawo a 2013, cewa abin kyauta ba ya rasa masu so. Amma a yi adalci, hujjar tana da ƙafa ɗaya: a shekarun farko rumbunan kansu suna ta yawaita, daga 'yan tsiraru zuwa cibiyoyi sama da dubu, don haka wani ɓangare na hawan daga 61,000 ƙofofi ne da aka buɗe wa buƙatar da take nan tun da. In kana son hujjar da ba za a ture ba, bar 2010, ɗauki 2019/20 zuwa 2023/24, daga miliyan 1.9 zuwa 3.1, lokacin da tsarin ya riga ya kafu.

Ta ɗaya gefen kuma adadin Trussell ya gaza, domin akwai rumbuna masu zaman kansu fiye da dubu da ba ta ƙirgawa, ban da masallatai da coci-coci da ke rabo ba tare da rajista ba. Yankin da ya nuna ƙaramin adadi yana iya zama inda masu zaman kansu suka fi ƙarfi ne. Ka raba ƙunshi da yawan jama'a, a kan kowane mutum 100,000, kafin ka gwada yanki da yanki. In mutane kake son ƙirgawa, binciken iyalai na ma'aikatar ayyuka da fansho ya fi dacewa: a 2021/22 ya samu mutum miliyan 2.1, kashi 3 cikin ɗari, suna zaune a gidan da ya je rumbun abinci cikin shekarar.

Lokacin da aka zauna

Ku fara daidaita shekarar farawa da ta tsayawa, domin nan ake maguɗi ba tare da an yi ƙarya ba. Wanda ya fara daga 2020/21, shekarar korona mai ƙunshi miliyan 2.5, ya tsaya a 2021/22 mai wajen miliyan 2.2, zai nuna maka raguwa. Ƙara masa shekara ɗaya, adadin ya doshi miliyan 3. Shekarar Trussell kuma daga Afrilu zuwa Maris take, ba daga Janairu ba.

Sannan ka raba "sun zo tare" da "wannan ne ya jawo wancan". Universal Credit bai shiga ko'ina rana ɗaya ba, gari-gari aka bi, kuma wannan ya ba masu bincike damar gwada garin da ya shiga da wanda bai shiga ba a lokaci guda. Irin wannan gwaji ya fi layi biyu da suka hau tare a kan jadawali nauyi nesa ba kusa ba. Idan abokin muhawara ya ce ayyuka sun ƙaru a yankinsa, tambaye shi awa nawa a mako, albashi nawa bayan an cire hauhawar farashi, kuma haya nawa ce a garin.