Yadda Ake Kafa Tashar Bidiyo Ta Kanka Da PeerTube

PeerTube manhaja ce ta ɗora bidiyo da kallonsa a intanet. Kyauta ce, kuma lambobinta a buɗe suke, kowa zai iya dubawa ya gyara. Ƙungiyar Framasoft ta Faransa ce ke kula da ita, cikakkiyar sigarta ta farko ta fito a Oktoban 2018. Saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da tashar a intanet, taka ce, doka taka ce, babu mai cusa maka talla. Gidauniyar Blender, mai kula da manhajar zanen 3D ta Blender, ita ma ta rungume ta a 2018, lokacin da YouTube ya toshe mata bidiyoyi.

Fara da zaɓen adireshin tashar, kuma ka zaɓa da natsuwa. Da zarar wasu tashoshi sun san ka da wannan suna, sauya shi zai tsinke alaƙarka da su. Sai ka yi hayar saba mai tsarin Linux na Debian ko Ubuntu, ka nuna mata adireshin.

Girkawa ba ta da wuya idan ka bi ta Docker, manhajar da ke tafiyar da wasu manhajoji a cikin ƙunshi shiryayye. PeerTube na tafiya ne da manhajojin PostgreSQL (rumbun bayanai) da Redis da FFmpeg (mai sarrafa bidiyo) da nginx, Docker kuwa zai haɗo maka su gaba ɗaya. Sauko da fayil ɗin docker-compose.yml da na .env, ka rubuta adireshinka da imel da kalmar sirrin rumbun bayanai a cikin .env, ka karɓi takardar tsaro ta Let's Encrypt, sannan ka buga docker compose up. Manhajar za ta ƙirƙiri shugaban tasha mai suna root, ta rubuta kalmar sirrinsa a cikin rahoton aikinta. Nemo ta da docker compose logs peertube, ka shiga, ka sauya ta nan take.

Inda aikin yake shi ne sarrafa bidiyo. Duk abin da aka ɗora, FFmpeg zai sake fitar da shi a girma daban-daban, 360p da 720p da 1080p da sauransu, don mai raunin intanet ya samu daidai ƙarfinsa. Kowane girma fayil ne mai cin wurinsa, yana kuma cin ƙarfin injin. Yi lissafi tun kafin ka ɗora komai: bidiyon awa 1 mai gudun megabit 4 a daƙiƙa ya kai gigabait 1.8, a girma guda kawai. Mutum 50 suka buɗe shi lokaci ɗaya, megabit 200 ke fita daga sabarka kowace daƙiƙa. A ganina, sabon shiga ya kunna girma biyu, 360p da 720p, ya bar sauran. Karatu ko lacca ba sa buƙatar fiye da haka.

Akwai dabarar da ke rage nauyi: masu kallon bidiyo ɗaya a lokaci ɗaya suna miƙa wa juna gutsattsarinsa ta WebRTC, fasahar da ke haɗa burauza da burauza kai tsaye. Amma fa sai an taru take amfani, tsohon bidiyon da mutum ɗaya ke kallo sabarka ce za ta ɗauke shi ita kaɗai. Dabarar kuma tana iya bayyana lambar IP, wato adireshin na'urar mai kallo a intanet, ga sauran, shi ya sa aka ba da damar kashe ta.

Kada ka buɗe rajista ga kowa tun ranar farko, masu zuba shara ba sa barci. Idan ka buɗe, ka ƙayyade wa kowa yawan gigabait ɗin da zai ɗora.

Daga nan sai ka bi wasu tashoshin PeerTube don bidiyoyinsu su bayyana a taka. Yarjejeniyar ActivityPub ce ke haɗa su, ita ce ma ke ba mai amfani da dandalin sada zumunta na Mastodon damar bin tasharka daga inda yake. Idan kana son watsa shiri kai tsaye, wanda aka ƙara a siga ta 3 a 2021, buɗe ƙofar sadarwa (port) mai lamba 1935 a sabarka.

Ka riƙa ajiye kwafin rumbun PostgreSQL da jakar bidiyoyi a wani wuri daban, ba a kan sabar ba, kuma ka yi hakan kafin kowane sabuntawa.