Yadda ake gina samfurin dalar Khufu da yumɓu ba tare da ta karkace ba

Na daɗe ina sa ɗalibaina suna gina dalar Masar don bajekolin ƙarshen zango, kuma kusan duk shekara wuri ɗaya ne yake kayar da su. Za a fara da kyau, ana kaiwa tsakiya sai kaga gefe ɗaya ya riga ɗan'uwansa shigewa ciki, ƙarshe kan dalar ya koma can gefe kamar hular da aka karkata, yaran su tsaya cirko-cirko ransu a ɓace bayan sun sha wahalar sati biyu. Ni ma ta taɓa lalace min a hannuna, shi yasa na koma na bi yadda su kansu Misirawan suka yi lissafinsu, kuma tun daga lokacin bata sake karkacewa ba.

Kafin a taɓa yumɓu, ka zaunar da yaran su san me suke ginawa. Da yawansu dalar gyaɗa ta Kano ce take zuwa musu a rai, buhu kan buhu. Wannan ta Masar kuwa kabari ne na sarki Khufu. Misirawan wancan zamanin sun yi imani sarkinsu in ya mutu zai haɗu da abin bautarsu na rana wanda suke kira Ra, kuma dole gawarsa ta zauna lafiya bata ruɓe ba kafin ruhinsa ya samu wurin komawa, shi yasa suke busar da gawa su naɗe ta, su ajiye mata abinci da kaya, har jirgin ruwa guda na katako mai tsawon mita 43 aka tono a gindin dalar Khufu a 1954. Shi yasa kuma dalolin suke yammacin kogin Nilu, ɓangaren da rana take faɗuwa, can ne wurin matattu a wajensu. Sannan ka gyara musu wani kuskure tun da wuri: Khufu ya gina tasa a Giza wajen shekara 2560 kafin haihuwar Annabi Isa, shi kuwa Ramsis na biyu da mutane da yawa suke dangantawa da Fir'aunan zamanin Annabi Musa ya zo bayansa da shekara kusan 1300, lokacin ma sarakunan sun daina gina dala sun koma haƙa kabari a cikin duwatsu kusa da Luksor.

Toh, mataki na farko shi ne awo, kuma a nan na zaɓar maka lambobin da bazasu baka wahala ba. Dalar Khufu faɗinta kamu 440 ne a kowane gefe, tsayinta kamu 280, wato kamar mita 230 da mita 146. Kai sai ka yi taka santimita 44 faɗi, 28 tsayi. Kar ka yarda wani yace a ƙara girma don ta burge mutane, wannan ɗin ma in ta cika da ɗanyen yumɓu tana kai kilo 30, saboda haka ka nemi katako mai kauri wajen kafinta wanda bazai lanƙwashe ba in an ɗaga. Ragowar katakon da suka yanke ya isa, ba sai ka sayi sabo ba.

Yumɓu ka samu na masu ginin tukwane, ka cuɗa shi da yashi mai laushi kaɗan don kar ya tsage. Ka sa sanduna biyu masu kaurin santimita 1.2 gefe da gefe, ka murza yumɓun a tsakaninsu da kwalba har ya yi daidai da su, ka yanka ƙananan tubala da wuƙa, a shanya a inuwa kwana uku. A inuwa nace, rana tana fasa su.

Na biyu shi ne harsashi. Ka zana murabba'i mai 44 a kan katakon da sikwayar magina, sannan ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da take kallonta, duka biyun su baka 62.2. In ɗaya ta fi ɗaya ko da rabin santimita ne ka goge ka sake, don wannan rabin shi ne zai bika har sama. Ka gaya wa yaran cewa gefunan dalar Khufu huɗu masu mita 230 bambancin da ke tsakaninsu 'yan santimitoci ne kawai, kuma daɓen gindinta daga wannan ƙarshe zuwa wancan bambancin tudunsa bai wuce santimita 2 da ɗoriya ba, mutanen da igiya da katako da zare mai dutse a baki ne kayan awonsu. Kai ma ka ɗora farantin ruwa a kan katakon ka ga ko ruwan ya kwanta daidai, in bai kwanta ba ka sa kwali a ƙasan ɓangaren da ya sauka.

Dalar tana kallon arewa da kudu da gabas da yamma sak, kuskuren bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. In kana da fili a makaranta ka nuna musu hanyar inuwa: a kafa sanda a miƙe, a zana da'ira kewaye da ita, a sa alama inda bakin inuwar ya taɓa da'irar da hantsi, a sake sa alama inda ya taɓa bayan azahar, layin da ya haɗa alamomin nan biyu shi ne gabas da yamma. Wasu masana suna ganin da irin wannan Misirawan suka yi, wasu kuma sun ce da taurari. In baka da lokaci ka duba alƙibla a waya ka wuce.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu, wato jinginar gefen dalar. Misirawan wancan zamanin basa lissafi da digiri, suna da abin da suke kira seked. Kamunsu ɗaya tafin hannu 7 ne, tafi ɗaya kuma yatsa 4, toh sai su ce in gini ya hau sama kamu ɗaya, tafi nawa zai shiga ciki? Na Khufu tafi 5 da rabi ne. Shi kenan lissafin, duk hawa 7 shiga 5 da rabi, kuma akwai irin waɗannan tambayoyin na seked a cikin wata tsohuwar takardar lissafi tasu da ake kira Rhind wadda take gidan tarihi na Birtaniya a Landan. A samfurinka wannan yana nufin kowane sahu tsayinsa 1.4 ne, kuma zai ja baya da 1.1 ta kowane gefe huɗu.

Ka lura nace tubali 1.2 amma sahu 1.4. Wannan ɗan bambancin na kwaɓin da zaka liƙa su da shi ne, kuma nan ne tawa ta lalace a shekarar farko. Na yanka tubalan daidai 1.4, ban lissafa kwaɓin ba, yara kuma hannunsu yana da nauyi wajen shafa laka, sai kowane sahu ya zama kamar 1.7. Ba wanda ya gani da ido. Sai da muka kai sahu na 10 na sa rula naga muna kan santimita 17 maimakon 14, ga faɗi da yawa ya rage a sama, in muka ci gaba a haka dalar zata wuce 28 da nisa ta zama doguwa siririya, ba yadda muka iya sai muka riƙa jan sahun sama ciki da yawa don mu rufe, aka gama dalar tana da gwiwa a tsakiya. Raina ya ɓaci sosai ranar saboda yaran sun bi abin da na gaya musu ne.

Abin da ya sa nake ba kowane aji wannan labarin shi ne irin haka ta faru da mahaifin Khufu, sarki Sneferu. A Dahshur maginansa sun fara dala da jingina mai tsauri wajen digiri 54, suna kaiwa kusan rabi suka canza zuwa 43, masana suna ganin ginin ne ya fara tsagewa saboda nauyi da rashin ƙarfin ƙasar wurin. Tana nan har yau da gwiwarta, ana ce mata lanƙwasasshiyar dala. Bai haƙura ba ya sake gina wata kusa da ita a kan 43 tun daga ƙasa, wadda ake kira jar dala, ita ce ta farko da ta fito da gefe sumul yadda ake so. Kafin shi ma sarki Zosar da magininsa Imhotep a Sakkara hawa shida suka ɗora kamar matakala. Kaga kenan lokacin da aka zo kan Khufu an riga an sha gwaji, shi yasa tasa ta tsaya a wajen digiri 52 lafiya lau.

Maganin abin guda biyu ne kuma duka sai ka yi su. Ka huda katakon a daidai inda layukan kusurwa biyu suka gitta, ka soka siririn ƙarfe ko tsinken tsire mai ƙarfi ya fito sama santimita 28 cif, ka yi masa zane duk bayan 1.4. Kowane sahu da kwaɓinsa sai ya tsaya a kan zanensa kafin a ɗora na gaba, in ya wuce a danna ko a kankare. Sannan ka buga ƙananan ƙusoshi a kusurwa huɗu, ka ja zare daga kan ƙarfen zuwa kowace ƙusa, a ɗame. Kusurwar kowane sahu ta sama ta taɓa zaren kawai, kar ta ture shi kar kuma ta bar rata. Kullum da safe ka ɗan juya ƙarfen don kar yumɓu ya kama shi, tunda a ƙarshe zare shi zaka yi.

Wani abu da kusan kowa yake kuskurewa: sahun farko ba a kan layin 44 ake fara shi ba. Ka ja shi ciki da 1.1, faɗinsa ya zama 41.8, na biyu 39.6, haka kana rage 2.2 duk sahu. Wannan ratar ta waje ta shafen ƙarshe ce. In ka fara a kan layi, bakin tubalan zai ɓullo ta cikin shafen kuma ba gyara. Ni na kan sa kafinta ya fere min 'yar sanda mai faɗin 1.1, yaro ya kwantar da ita a bakin sahu ya jera tubali a bayanta, ba ruwansa da rula.

Tubala masu kyau a baki kawai ake buƙatarsu, ciki ka cika da gutsattsari da laka. Su ma haka suka yi, duwatsun ciki ba a goge suke ba kuma a nan Giza aka fasa su, har wani tudun dutse da suka tarar a wurin suka bar shi a tsakiya suka yi gini a kansa. Sahu biyu ko uku a rana ya isa, in ka yi gaggawa na ƙasa zai zauna.

A sahu na 6 ka binne kwalin ashana kusa da ƙarfen ta ɓangaren kudu, shi ne ɗakin sarki, wanda a ainihin dalar yake sama da ƙasa da kamar mita 43, an gina shi da jan dutse mai tauri da aka ɗauko a jirgi daga Aswan, tafiyar sama da kilomita 800. Ƙofa a gefen arewa take, wajen sahu na 2 zuwa na 3, tana kallon taurarin da basa faɗuwa, inda suka yi imani ruhin sarki zai je.

Akwai masu cewa a yi da kwali kawai, a yanka kusurwa-uku guda huɗu a liƙa da gam. Ni bana karɓarsa a ajina don yaro bai koyi komai ba, amma in dole ce ta sa, tsayin kowane yanki daga tsakiyar gindinsa zuwa tsini 35.6 ne, ba 28 ba. In ka yanka 28 dalar zata durƙushe ta tsaya a wajen 17.

Ka tsaya a sahu na 18, faɗinsa 4.4. Zare ƙarfen, toshe ramin, ka ƙera ɗan kan dala mai gindi 4.4 da tsayi 2.8 ka ɗora. Sai a cike matakalar da laka mai laushi daga sama zuwa ƙasa, ana jan rula a kai don ya yi sumul, in ya bushe a shafa farar ƙasa. Asali fara fat take, an lulluɓe ta da farin dutse daga Tura a ƙetaren kogi, kuma a 2013 an gano takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer a Wadi al-Jarf inda yake rubuta yadda shi da mutanensa suke jigilar dutsen nan a jirgi zuwa Giza. Daga baya aka kwashe yawancinsa aka yi gine-gine a Alƙahira. Ka bar gefe ɗaya ba shafe don masu kallo su ga sahun ciki.

Ranar bajekoli tambayar da za a fi yi wa yaran ita ce ta yaya aka ɗaga duwatsu wajen miliyan 2.3 masu nauyin tan 2 da rabi. Ka tara yashi a jikin gefe ɗaya ya zama gangaren hawa, ka ɗaura dutse a kan ɗan katako da zare, yaro ya ja a busasshen yashi sannan a yayyafa ruwa kaɗan ya sake ja, da hannunsa zai ji bambancin. Akwai zane a kabarin wani hakimi Jehutihotep da yake nuna mutum yana zuba ruwa a gaban irin wannan katakon ana jan wani ƙaton gunki. In an ce aljanu ne ko bayi, su amsa cewa an tono garin ma'aikatan a kudu da dalolin da wuraren gasa burodinsu da ƙasusuwan shanun da suka ci, kuma a 1990 an gano kaburburansu a nan kusa da dalar sarkin. Wajen ɗaukar samfurin zuwa zauren, mutum biyu su kama katakon ta ƙasa, kar kowa ya riƙe jikin dalar.