Ga sababbin zuwa ƙasar waje masu kare a gida, a kula da ƙaiƙayi

Yawancinku yara ne suka matsa aka ɗauko kare, wasu kuma aikin riƙon karen mutane suka samu. Rigakafi ba wuya, likitan dabbobi zai yi muku. Inda kuke faɗawa shi ne ranar da kuka ga wani wuri a jikin karen ya yi ja, gashi ya zube yana tsatsafo da ruwa, shi kuma sai lasa da susa.

Lasar ce ke faɗaɗa ciwon, da safe ɗan tabo ne kafin dare ya kai tafin hannu. Amma akwai abin da ya fara sa shi susar. In kusa da kunne ne a duba ciwon kunne. Masu gashi mai kauri irin su Golden Retriever da German Shepherd, in an yi musu wanka ba a busar ba ma ya isa. Akwai wanda abinci ne bai karɓe shi ba ko ƙurar furanni. Kirci da makero kuwa suna kama mutum, a kula da yara.

Babban mai laifi dai ƙuma ce. Wani karen cizo ɗaya ya ishe shi, musamman gindin jela. Ku taje gashin a kan farar takarda mai laima, in baƙin garin da ya zubo ya koma ja to kashin ƙuma ne. Macen tana iya yin ƙwai 50 a rana, kuma yawancinsu ba a jikin karen suke ba, suna cikin kafet da kujera, hita na ɗumama musu gida har lokacin sanyi. Nan rigima da mai gidan haya take farawa. Nawa mai gidan da na tashi ya cire kuɗin feshi da wankin kafet daga kuɗin ajiyar da na ba shi lokacin kama haya, ya nuna min layin a yarjejeniya, wallahi ban samu bakin magana ba. Mutanenmu a nan akwai taimako, ko yaushe ka kira za a karanta maka takarda, amma sai mutum ya sa hannu tukuna yake kira.

Don Allah kar a shafa baƙin mai, kar a ba shi ibuprofen, guba ne a wurin kare. A kai shi likita ya aske wurin ya wanke, ya sa masa abin wuyan nan mai hana lasa, shimfiɗarsa kuma a wanke da ruwan zafi. In akwai kyanwa a gidan ku faɗa wa likitan, maganin ƙuma mai permethrin yana iya kashe ta.