Darasi na 7: Kuskuren Bugu ko Rauni? Yadda Ake Duba Tsohuwar Tsabar Azurfa

Kafin ku yanke wa tsaba hukunci, sai kun san yadda ake ƙera ta. A gidan buga kuɗi, ana yanko ɗan faifai daga shimfiɗaɗɗiyar azurfa, a sa shi cikin zoben ƙarfe, hatimai biyu masu ɗauke da zanen tsabar su matse shi sama da ƙasa. Zoben nan ne ke fitar da tsage-tsagen da ke gefen tsaba. Duk aibin da ya auku a wannan aiki, shi ne kuskuren bugu, kuma masu tara tsofaffin kuɗi suna nemansa ido rufe. Wanda ya same ta bayan ta shiga hannun jama'a kuwa rauni ne, daraja yake rage mata.

Ku tanadi gilashin ƙara girma, da ƙaramin sikeli, da haske mai kyau. Ku riƙe tsabar ta gefenta.

Abu na farko, hatimi a juye yake aiki. Inda ya lotsa, tudu ne ke fitowa a jikin tsaba. Saboda haka idan hatimi ya tsage, azurfa takan kutsa cikin tsagar, sai a ga siririn layi ya taso kamar jijiyar bayan hannu, yana karkacewa. Karce ba haka yake ba. Rami ne, kuma ƙusa ko wuƙar da ta yi shi tura azurfar take yi gefe, sai ka ga 'yar kunya a bakin ramin. Sau da yawa cikinsa ya fi sauran jikin tsabar haske. Ku karkata ta ga fitila, inuwa za ta nuna muku tudu ne ko rami.

Sai tsabar da gefenta ya gutsure kamar an ciza. Nan ne aka fi yaudarar mutane. Idan tun wajen yanko faifai aka yi gutsuren, za ku ga rubutu da zane suna dusashewa a hankali yayin da suka doshi wurin, domin azurfa ta malala can lokacin bugu. Ku kuma duba bakin da ke daura da gutsuren, can ɗaya ɓangaren: galibi yakan fito a kwance, bai tashi sosai ba. Wadda aka datsa da almakashi daga baya, zanenta rangaɗau yake har bakin yankan, sai ya katse kwatsam. Mai son zuciya na iya goge bakin yanka, amma ba ya iya sa azurfa ta malala.

Sikeli ma shaida ne. Dalar Morgan ta Amurka, da aka fara bugawa a 1878, nauyinta giram 26.73 ne. Talar Mariya Tereza, tsabar azurfar ƙasar Ostiriya mai ɗauke da shekarar 1780, ta ɗan haura giram 28. Tsabar da hatimi ya buga a karkace, har rabin jikinta ya zama fili, nauyinta cikakke ne, kuma ba ta da tsage-tsagen gefe tunda ba ta zauna cikin zobe ba. Amma idan tsaba ta sirance, ta yi kaushi, nauyi ya zube, ku zargi ruwan asid.

Akwai wani abu mai ruɗarwa. A shekarun 1790, ma'aikatan gidan buga kuɗi na Amurka kan goge faifan da ya yi nauyi da magagari kafin bugu. Layukan a jere suke, gefunansu a danne, don hatimi ya bi ta kansu. Ba rauni ba ne, duk da kamar da suke yi.

Huda, da tabon dalma inda aka taɓa liƙa maratayi, ba sa buƙatar dogon bincike: aikin hannu ne.

Kada ku wanke tsaba don ku gani da kyau. Guga na barin ƙananan karce, kun ga kun ƙara mata rauni da hannunku ke nan.

Aikin gwaji: ku samo tsaba ɗaya mai aibi. Ku rubuta nauyinta, da inda aibin yake, da ko tudu ne ko rami. Sannan ku faɗa wa na kusa da ku wane mataki na bugu ne zai iya haifar da shi, in akwai.