Yadda za ku raya sunan likitan soja bayan rasuwarsa

To jama'a, in kuna da ɗan'uwa likitan soja ko nas da Allah ya yi wa rasuwa, irin waɗanda bayan ɗaure rauni sai su zauna su saurari abokan aikin da yaƙi ya taɓa musu ƙwaƙwalwa, kar abin ya tsaya a sadakar uku da arba'in. Ku fara da iyalinsa, kuɗin makarantar yara da bin takardun fansho da giratuti, wallahi wannan zirga-zirgar ce ke karya matar mamaci.

Sai ku ɗauko aikin da ya bari. Zuru da Birnin Kebbi akwai tsofaffin sojoji birjik, wani ba ya barci, taya ta fashe a titi sai ya zabura gumi na keto masa, ku riƙa leƙa shi ku ce Baba ya jiki, ku bar shi ya yi magana, ban da "haba kai fa namiji ne". In abin ya tsananta a raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato, ana addu'a ana shan magani.

Ranar 15 ga Janairu kuma, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ku haɗa kuɗin maganin tsohon soja ko ɗaya ne da sunan marigayin.