Kafin ka rantse DTS ya fi Dolby, duba ƙarar da ka saka

Sau uku ke nan a wata ɗaya ana kirana, daga Unguwar Rimi zuwa Kawo, kan magana guda: "Yaya, hom tiyatar nan da na haɗa da kwamfuta, in na sa PCM sai sautin ya mutu." Na gaji da maimaita bayani a falon mutane, shi ya sa na zauna na rubuta.

Sautin fim yana zuwa ne a ƙunshe, ko Dolby ko DTS. Ko dai kwamfuta ta kwance ƙunshin ta aika wa amfilifaya PCM, wato kwantaccen sauti, ko ta miƙa shi a ɗaure amfilifaya ta kwance da kanta, abin da manhajar kallon fim ta Kodi ke kira Passthrough. Idan Dolby TrueHD ne ko DTS-HD Master Audio, ba a zubar da komai wajen ƙunshe su, don haka ko wa ya kwance, abin da ke ciki ɗaya ne. To ina bambancin da kunnenka ya ji?

Yawanci ƙara ce. Wannan shi ne kuskuren da ya ci mini kuɗi, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na yi wata biyu ina zagin kwamfutata, ina cewa sautinta ba shi da nauyi. Na tattara kuɗin da zai saya wa gida buhun shinkafa, na sayo wata na'urar sauti ta waje, na jona, ba abin da ya sauya. Ƙanena ne, yaron da ko sakandare bai gama ba, ya nuna mini ƙarar Windows tana kan 60. PCM yana bi ta wannan ma'auni, sautin da aka tura a ɗaure kuwa ba ruwansa da shi, cikakke yake isa amfilifaya. Kunnen ɗan Adam kuma mayaudari ne: abin da ya ɗan fi ƙara, ko da desibel 1 ne a ma'aunin ƙara, sai ya ce maka ya fi tsabta, ya fi dukan ƙirji.

Haka rigimar DTS da Dolby take. Dolby Digital na ɗauke da wata lamba da ke gaya wa amfilifaya matakin muryar 'yan wasa. A finafinai da yawa an sa ta a -27, sai amfilifaya ta rage desibel 4 don ta kai -31. Ka sauya zuwa DTS, ka ji ƙara ta tashi, ka fita majalisa kana cika baki. Gaskiya ne DTS na iya kai wa kilobit 1,500 da ɗoriya a daƙiƙa, Dolby Digital kuma iyakarsa 640, amma ba wannan ka ji ba, malam. Ni dai yanzu ƙarar Windows a 100 take kullum. In zan gwada, sai in ajiye waya a inda nake zama da manhajar auna ƙara, in daidaita su biyun, in juya baya ƙanena ya riƙa sauyawa ban sani ba. Gwada haka sau goma ka ga sau nawa za ka canka.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin ganganci ne. Mutum ya sayo amfilifaya ta gwanjo, ya jona ta da siririyar wayar nan mai jan haske, ya zaɓi PCM, sannan ya ce sifikun baya sun lalace. Ba su lalace ba! Wayar haske tashoshi 2 kacal take ɗauka na PCM. Sautin 5.1, wato na sifiku biyar da wufa (sifikar sauti mai kauri), ba ya wucewa ta cikinta sai a ƙunshe, Dolby Digital ko DTS na asali, TrueHD kuwa ko kusa. HDMI ce ke ɗaukar tashoshi 8 na PCM. Wani a Tudun Wada har ya kai sifikunsa wajen mai gyara, an buɗe lafiyayyun kaya an manne da gam. In wayar haske ce kaɗai gare ka, kunna Passthrough ka huta. In ta talabijin kake ratsawa, ka sani ARC, hanyar da talabijin ke mayar wa amfilifaya sauti ta HDMI, na da wannan iyakar, sabon samfurinta eARC ce ta kawar da ita.

Sauran ƙanana ne. Ka shiga saitin sauti na Windows ka gaya masa sifiku 5.1 gare ka, in ba haka ba biyu zai ɗauka. Kashe saitin dare a amfilifaya, shi ke danne harbi da tsawa. Sa ƙananan sifiku a Small a saitin amfilifaya, ka bar wa wufa abin da ke ƙasa da 80 Hz. Kada ka ɗaga Windows zuwa 192 kHz, sautin fim kusan duk a 48 yake. Wayar HDMI mai bakin zinare ba ta ƙara wa sauti zaƙi.

Gurnanin nan da ke tasowa in an ɗauke wuta ka tada janareta ba laifin Dolby ba ne, ba na DTS ba. Haɗa kwamfuta da amfilifaya a soket ɗaya tukuna. In ya ƙi tafiya kuma wayar jan ƙarfe ce tsakaninsu, a nan ne wayar hasken da na gama kushewa ke da rana, tunda lantarki ba ya bi ta cikinta.