Hoton kyamara na ɗaukewa bayan minti ɗaya? Tsaya kafin ka zagi netwok

Masu haɗa kyamarar tsaro da masu raba tashoshi a ɗakunan otel ta intanet, da hoto ya daskare sai ka ji an ce ai sabis ne ba ƙarfi. Wallahi sau da yawa ba nan matsalar take ba.

RTSP, wato tsarin da manhajar kallo ke bi ta yi magana da kyamara, wanda aka fitar tun 1998, ba shi ke kawo hoto ba, aikinsa kamar rimot ne, ya ce SETUP a shirya, PLAY a fara, TEARDOWN a tashi. Hoton kansa wani tsarin ne mai suna RTP ke ɗauko shi ta wata hanya daban. To nan mutane ke faɗawa rami, mutum ya buɗe fot 554, wato ƙofar RTSP, kaɗai a rauta ya ga an haɗu, faswod ya shiga, amma allo baƙi ƙirin, saboda hoton ta hanyar aike da ake kira UDP yake tahowa a wata ƙofa daban, rautar kuma bata san wa zata miƙa wa ba. Shiga saitin manhajar kallo irin VLC ko na'urar rikodin ka mayar da shi ɗayar hanyar aiken, wato TCP, komai ya bi ƙofa ɗaya, shikenan.

Na biyun shi ya fi cin rai. Hoto ya fito tsaf, minti ɗaya cif ya ɗauke, ka sake kunnawa ya maimaita. In ba a canza ba, daƙiƙa 60 saba, wato kyamarar ko na'urar da ke turo hoton, ke jira, idan bata ji motsinka ba sai ta ɗauka ka tafi ta rufe zaman, kana danna wani abu ta watso maka lambar kuskure 454, wato ba a ga zaman ba. Dole manhajarka ta riƙa leƙowa da GET_PARAMETER ko rahoton RTCP kafin lokacin ya cika, kamar dai ka ce ina nan fa. Duk yankewar da ke zuwa a daidai lokaci ɗaya kullum, agogo ne ke yinta, raunin sabis baya da wannan tsarin.

Akwai kuma masu kashe manhaja ba TEARDOWN, zaman ya rage a rataye, ƙaramar kyamara kuwa mutane kaɗan take iya ɗauka, ka dawo ta ƙi ka sai tsohon ya mutu.

Na otel kuma, kun kunna IGMP snooping, wato saitin da ke sa a tura tasha ga ɗakin da ya nema kaɗai, a suwic, na'urar da ke raba netwok ga ɗakuna, amma ba wanda ke aika tambayar waye ke kallo, bayan daƙiƙa 260 tasha ta ɓace a ɗaki. Ku kunna querier, wato mai aika waccan tambayar, a suwic ɗaya.